Wa, Ina, Yaushe

Shekara goma sha bakwai ina allura a Kumo.
Na san jijiyar da ke ɓuya,
na san yaron da zai cije ni kafin ya yi kuka.
Sai ga takarda: ka zo Gombe, horo, wata uku.
Na ce, da furfurata za a mai da ni benci?

Malama Rifkatu, 'yar gajeriya, muryarta ta fi ta tsawo,
kalma uku kacal ta sa a allo:
Wa? Ina? Yaushe?
Ta ce, "A asibiti mutum guda kuke dubawa.
Nan gari za ku duba.
Gari ma yana zazzaɓi,
sai dai ba ya buɗe baki ka ga harshensa."

A ɗakin gwaji Malam Manu ke mulki.
Safar hannu, wanke hannu, sake wankewa.
Na leƙa madubi ban ga komai ba sai gashin idona.
Ran da na kai masa kwalbar farko
ya juya ta, ya miƙo mini abata:
"Ba suna, ba kwanan wata.
Marainiya ce, ba na riƙo."
A gaban yaran da na haifa.
Ranar ban ci abincin rana ba.

Sati na bakwai waya ta zo daga bayan Deba:
amai da gudawa, mutum sha tara cikin kwana huɗu.
Jauro ya tare mu a gindin tsamiya, ya ce rijiya ce.
Ni ma na ce rijiya ce,
har na fara neman wanda zai rufe ta.

Lamela, 'yar Billiri, ba ta ce uffan ba.
Ta yage bayan kwalin taliya ta zana garin,
gida gida muna tambaya, tana ɗiga tawada.
Ɗigon ya ƙi kewaye rijiya.
Gidan da ke bakinta ma, mutum tara, kowa garau.

Sai Inna Dudu, can ƙarshen gari,
wadda rabonta da zaure tun damina,
kwance, ido ya faɗa.
Me kika ci? Tuwo.
Me kika sha? Ruwan randa.
Na rufe littafi zan tashi, jikanta ya ce daga bayan ƙyaure:
"Da kunun da na kawo miki a kofi,
na sunan gidan Bappa Sale, mai ƙanƙara."

Muka koma baya, gida gida, da tambaya ɗaya.
Masu shayi lafiya lau.
Masu kunu, ga su a kwali.
Rijiya ta sha da ƙyar, ni ne na so in ɗaure ta.

Akwatin sanyi a cinyata, babur yana tsalle,
ina jin ƙanƙararmu tana narkewa,
ina roƙon rana ta yi mana sassauci.
Da la'asar sakaliya na dire gaban Malam Manu.
Ya ɗaga kwalba, ya karanta suna, rana, har da ƙarfe nawa.
Bai yaba ba. Ya dai sa ta a layi.

Takardar tana nan a jakata.
Layi na huɗu, Hammadu, shekara uku:
na rubuta abin da ya faru, biro yana rawa.
Layi na sha ɗaya, Dudu, shekara saba'in ko fiye,
na bar gurbin ƙarshe fari
har ran Juma'a da na koma.
Na tarar tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki.
Ta dube ni ta ce, "Kai ne mai yawan tambayar nan?"
Na ce ni ne.
Na tsuguna, na ɗora takardar a gwiwa,
na cike gurbin.